Filin Tarbiyya: Ya hardace izu biyu, amma layi ɗaya na littafin lakwal ya gagare shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya Malama. Ina yi miki fatan alheri, ke da iyali. Ina da yaro ɗan shekara tara, yana aji CE1, wato aji na uku na firamare, kuma bana ce shekararsa ta biyu a ajin. Ƙanwarsa da ke CP, aji na biyu, ta fara haɗa baƙi, in mun fita har allunan shaguna take karanta mini. Shi kuwa in aka buɗe masa littafi sai ya tsura wa hoto ido yana canka. A makarantar allo ya hardace izu biyu, malaminsu na yabonsa, amma in aka ɗora yatsa a tsakiyar allo aka ce karanta nan, sai ya koma ya ɗauko daga farkon sura. Shi nake aike kasuwa, bai taɓa kawo mini canjin da bai cika ba. Mushensu, malamin ajinsu na lakwal, ya ce ƙyuya ce. Babansa na dukansa duk ranar da aka raba kayen dikte, wato littafin shifta. Uwar mijina ta ce baki ne ya kama shi, an yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Wata maƙwabciyarmu mai aikin asibiti ta ambaci wani abu wai shi disleksiya. Mene ne shi? Yana da magani? Ko in bar babansa ya cire shi ya kai shi gareji kamar yadda yake cewa?

Wata uwa, unguwar Wadata, Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya mana su, ya shirya su. Kafin komai, dukan nan a tsayar da shi daga yau. Ki samu babansa lokacin da ransa ke kwance, in kuma kin san ba zai ji taki ba, ki haɗa shi da wanda yake jin nauyinsa. Ciwon cikin safiya tsoro ne, kuma yaron da ke tsoro ba ya koyon komai. Ba zan yanke miki hukunci daga takarda ba, sai an zauna da yaro. Amma abin da kika zayyana na sha ganinsa a shekarun da na yi ina riƙe da ajin CI da CP, wato na ɗaya da na biyu, a nan Tawa, kuma ya yi kama ƙwarai da abin da maƙwabciyarki ta faɗa.

Disleksiya wahalar koyon karatu da rubutu ce a wurin yaron da hankalinsa lafiya lau, idonsa na gani, kunnensa na ji, kuma an koya masa kamar yadda aka koya wa sauran. Tushenta yana wajen sauti. Yaro na jin "tabarma" ya san abin shimfiɗa ake nufi. Amma karatu na neman wani abu daban: ya ji cewa kalmar nan gaɓa uku ce, ta, bar, ma, kuma "ta" ɗin kanta sauti biyu ne da aka haɗa, sannan ya ɗaura kowane sauti a kan harafinsa, ya yi haka da sauri har ya daina lura yana yi. Yawancin yara in an nuna musu, ƙwaƙwalwarsu na kama wannan. Mai disleksiya kalma takan zo masa a dunƙule, rarraba ta na yi masa wuya, harafin da ya koya jiya ya tashi yau ba ya tare da sautinsa. Shi ya sa yaronki ke hardace sura, don hadda ta kunne ce, kuma shi ya sa yake komawa farko in an nuna masa tsakiya. Ba karantawa yake ba, tunowa yake.

Abin ba sabo ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba. Malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. A lokacin an kira abin "makantar kalma", an ɗauka matsala ce ta ganin kalmomi. Binciken da ya biyo baya ya nuna a ƙwaƙwalwa abin yake, musamman sashen hagu da ke kula da harshe, kuma yakan bi jini. Ki bincika a hankali cikin danginki da na mijinki, mai yiwuwa ki tarar da wani kawu da ya gudu daga lakwal aka ce ba shi da kai, yau kuma shi ke juya dukiya a Kwatano ko Abijan. Masana sukan ƙiyasta yara 5 zuwa 10 cikin 100 na da ita, maza da mata. Na matan ne kawai ba a cika lura da su ba, don yarinya takan yi shiru a bayan aji har ranar da za a ce ta zauna gida.

Sai dai akwai inda nake son ki tsaya ki natsu, don mu a Nijar lamarin na da wani rufi. Yaranmu da yawa ba su iya karatu ba, kuma ba disleksiya ke damunsu ba. Binciken PASEC, mai gwada ilimin ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, na 2014 ya gano cewa cikin ɗaliban ƙarshen firamare a ƙasar nan, waɗanda suka kai matakin karatun da ake buƙata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, amma har lokacin mafi yawa ba su kai ba. Yaro ya tashi da Hausa, ya shiga aji a tarbe shi da Faransanci, ajin na zana ne ba a buɗe shi sai an gama girbi, littafi ɗaya yara da yawa, ga yajin aiki. Wannan yaron in ya kasa karatu ba a koya masa ba ne. To ta yaya za a bambance?

Abu na farko kin riga kin ba ni shi: ƙanwarsa. Gida ɗaya, lakwal ɗaya, harshe ɗaya, ta wuce shi da shekara biyu tsakaninsu. Na biyu, gwada shi da Hausa, da baki, ba takarda ba alƙalami, kuma cikin wasa. Ki ce: "Kaza, kare, tunkiya, wanne ne bakinsa bai fara kamar sauran ba?" Ki ce: "Faɗi tabarma, amma ka cire ta." Ki ce: "Kawo mini kalmar da ta yi kama da bara," ki ga ko zai kawo dara, gara, tara. Ki lura ko yana iya zaurance in yara na yi, ko kuwa shi ne kullum ake bari a baya. Ɗan shekara tara da rashin Faransanci kaɗai ke damunsa zai cinye waɗannan yana dariya. In kin ga naki yana daburcewa, yana kallon bakinki, yana gumi a kan abin da ƙanwarsa ta amsa nan take, to alamar ta yi ƙarfi. Juya b da d kuwa, wanda mutane suka fi sani, ba hujja ba ce ita kaɗai. Yara da dama na yin haka har wajen shekara bakwai su bari.

Kafin ki tsayar da magana, a duba kunnensa da idonsa a babban asibitin jiha. Ƙasarmu ta sanƙarau ce, kuma sanƙarau kan bar yaro da raunin ji ba a sani ba. Haka ma kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa. Wanda ba ya jin bambancin "sa" da "tsa" da kyau ba zai rubuta su daidai ba. Masu gwada disleksiya a ƙa'ida su ne waɗanda ake kira ortofonis, likitocin magana da harshe. Ki tambayi likitan yara ko zai iya tura ku wurin ɗaya, ko da sai an je Yamai. In babu hali kada ki zauna jira. Aikin da zan gaya miki ba ya cutar da kowane yaro, mai disleksiya ne ko ba shi ba ne.

Ki ware minti goma sha biyar kullum, lokacin da ya ci ya huta, misali bayan la'asar. Kada ya wuce haka, ko da kin ga yana tafiya daidai. Kaɗan kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Ku zauna ku biyu, ba ƙanwarsa a wurin, ba babansa.

Ki fara da Hausa. Na san za a ce miki ai ba ita ake jarrabawa da ita ba. Ga dalilina. A 2001 masu bincike sun gwada masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni iri ɗaya a wuri ɗaya, amma ƴan Italiya sun fi sauran iya karatu, saboda rubutunsu kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Hausar boko ma haka take. "Ka" kullum ka ce. Faransanci kuwa sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a faɗa. Yaron da haɗa sauti da harafi ke ba shi wuya, an ɗora masa harshen da bai sani ba da rubutun da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, don an daɗe da gane yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi. Da ya gane sirrin haɗa baƙi sau ɗaya, zai ɗauke shi ya kai Faransanci.

Ga yadda zama ɗaya zai kasance. Ki baje rairayi a faifai ko tire. Ki ce "mmm", ki bar leɓɓanki a rufe ya gani, ya sa hannu a kan hancinsa ya ji yadda yake rawa in ya faɗa. Ki rubuta m babba a rairayin, ki kama yatsansa ku bi tare yana faɗin sautin, sautin fa, ba sunan harafin ba. Ya share ya sake da kansa. Gobe ya murza yumɓu ya gina shi. Ido ya gani, kunne ya ji, baki ya faɗa, hannu ya taɓa, duk a lokaci guda. Wannan hanya likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara ta a Amurka tun shekarun 1930, kuma har yau da ita ake aiki. Ki tara marafan kwalba, ki rubuta harafi ɗaya a kan kowanne. Ki ajiye m nan, a can, ki riƙa turo su a hankali suna matsowa yana jan sautin, mmm, aaa, har su haɗu ya ji "ma" ta fito daga bakinsa. Da a, i, u, m, k, n kawai zai karanta mama, kaka, nama, kuka, kuma, makani. Ranar da ya karanta "nama" da kansa ba hoto ba canka, ki bar aikin nan, ki yaba masa, ku tashi.

Kada ki ƙara sabon harafi sai na baya sun zauna, kuma kowane zama ki fara da bitar na jiya. Zai manta. Abin da ya iya ranar Talata zai ɓace ranar Alhamis, ranki zai ɓaci, ki ga kamar da gangan yake. Ba da gangan ba ne, haka lalurar take, maimaicin da wani yaro zai buƙata sau biyar shi sai ya ninka. Kada ki koya masa b da d a mako ɗaya, ki bar tazara mai yawa, ɓ da ɗ da ƙ kuma su zo daga baya. In ya fara karanta gajerun jimloli da Hausa, sai ki buɗe masa ƙofar Faransanci da bayani a fili: abin da muke rubutawa u su ou suke rubuta shi, sh ɗinmu shi ne ch ɗinsu. Ɗaya bayan ɗaya, kada a bar shi ya gano da kansa.

In ke ba ki yi boko mai zurfi ba, wasannin baki duk kina iya su, na rairayi kuma ki nemi wata ɗaliba mai haƙuri a unguwa, ki zauna kusa kina kallo. Malamin allonsu ma ki je ki gaishe shi ki yi masa bayani. Ba, ta da sa a rubutun Larabci ɗigo ne kawai ya raba su, don haka ya ɗan daɗe da shi a babbaƙu da farfaru, yana nuna harafi da tsinke ɗaya ɗaya, haddarsa kuma ta ci gaba yadda take, don nan ne yake jin shi ma wani ne. Uwar mijinki kada ki yi jayayya da ita. Addu'a muna so, a ci gaba da yi masa. Ki ce mata kawai an gano inda abin yake, ga kuma aikin da aka ba ku. Ita ma tana da rabo a ciki: tatsuniya da kacici-kacici da dare suna cika masa kai da kalmomi, kuma yaron da ba ya karatu da kansa yana buƙatar wanda zai zuba masa su ta kunne.

Ki kuma gaya wa yaron gaskiya da bakin da zai gane. Ki ce masa kansa lafiya yake, haruffa ne ke yi masa gardama fiye da yadda suke yi wa wasu, akwai masu irin wannan da yawa, kuma za ku bi su a hankali. Ya daɗe yana jin ana ce masa daƙiƙi, ya kusa yarda.

Maganar magani: babu ƙwaya, babu allura. Ba ta kuma barin mutum gaba ɗaya. Zai iya karatu in sha Allahu, amma mai yiwuwa ya fi tsaransa jinkiri, rubutunsa kuma ya riƙa samun kurakurai har girma. Gareji ba abin kunya ba ne, sai dai shekara tara ta yi wuri, kuma bakanike ma yau sai ya karanta lambar kayan gyara da saƙon waya. Ki roƙi babansa ya ba ku shekara guda ba duka.

TAMBAYA

Hajiya, ni malamin kwantiragi ne a wani ƙauye kusa da Tawa, ina riƙe da CP, yara sun haura tamanin. Ina da uku da nake zargin irin wannan ce ke damunsu. Ba a koya mana komai a kanta ba. Me zan iya yi ni kaɗai?

Wani mushe, jihar Tawa

AMSA

Mushe, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ka. A aji irin naka uku ma kaɗan ne, ka ƙara dubawa cikin ƴan matan da ba sa ɗaga hannu. Ba zan ce ka ware musu darasi na musamman ba, na san ba ka da lokacin. Amma minti goma na farkon darasin karatu ka mai da shi na sauti ga aji duka: tafa gaɓoɓi, ware sautin farko, haɗa biyu su ba da gaɓa, da Hausa kafin Faransanci. Kowa zai amfana, su ukun kuma shi ne abincinsu. CI da CP ne lokacin da taimako ya fi kamawa, wanda aka bari sai CM, ajujuwan ƙarshe na firamare, ya riga ya tsani littafi.

Ka dawo da su layin gaba. Abin da na fi roƙonka shi ne kada ka tashe su karatu a gaban aji ba shiri. Na ga yaro tsaye da littafi, yatsansa na rawa a kan kalmar farko, aji ya ɗauki "ƙarya ne, mushe, ni, ni", shi kuma yana haɗiyar miyau yana kallon ƙofa. Wannan minti ɗaya kan rushe aikin wata guda. Ka ba shi layi biyu tun yau ya je ya shirya, gobe ka kira shi a kansu. A dikte ka rage masa, in aji na rubuta jimla biyar shi ya rubuta biyu, kuma ka ƙirga kalmomin da ya samu maimakon ka cika kayen da jan biro. Kwafe daga babban allo na cinye musu lokaci, ka bar wani ya taimaka musu. Darasin da ba na karatu ba ne, ka tambaye su da baki, za ka sha mamakin abin da suka riƙe. Maimaita aji a kan hanya iri ɗaya ba ya gyara komai. Ka sanar da darakta da mai ba ku shawara kan koyarwa, ka kuma kai maganar taron iyayen yara, musamman ƙungiyar uwaye, don su ne za su yi aikin gida.

TAMBAYA

Hajiya, ina bida a Abijan, iyalina na Tawa. An ce mini ɗiyata na da wannan matsala. A nan na ga ana tallar tabarau masu launi da wani maganin ƙarin ƙwaƙwalwa. In saya in aiko?

Wani uba, daga Abijan

AMSA

Alhaji, Allah ya ba da sa'a, ya maido ku gida lafiya. Kada ka saya. Tabarau masu launi bincike bai tabbatar suna gyara karatu ba, maganin ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa cin kuɗi ne. In likitan ido ya auna ta ya rubuta mata tabarau, wannan daban, a saya. Sauran kuɗin ka biya wanda zai zauna da ita kullum a kan hanyar da na bayyana a sama, kuma ka sharɗanta masa ba bulala. Ka sa a riƙa karanta mata darussanta ana naɗa a waya tana saurare, don kada tarihi da kimiyya su wuce ta saboda karatu. In ka kira gida, ka bar tambayar ta nawa ta zo a aji. Ka ce ta karanta maka kalmomin da ta koya a makon, ka saurara har ta gama ko da ta daɗe, kada ka ƙarasa mata.